Tun da aka yi min aikin jijiya, masallaci ya yi min nisa

Assalamu alaikum. Ni dattijo ne mai shekara 68, ina zaune a Tudun Wadan Zariya, na yi ritaya daga aikin koyarwa. Bara aka gano kumburi a babbar jijiyar jinin cikina. 'Ya'yana suka haɗa kuɗi aka kai ni Indiya, aka yi aikin ta matsematsi ba tare da an tsaga ciki ba. Yau wata 4 ke nan. Kafin aikin da ƙafa nake zuwa kasuwa in dawo. Yanzu in na yi taku kamar 150, sai mazaunina na hagu ya ɗaure kamar an tamke shi da igiya, har cinya. In na tsaya minti 2 ko 3 sai ya sake ni. Masallacin unguwa ma sai na tsaya sau 2 a hanya. Ɗana ya karanta takardar asibitin, ya ce an rubuta cewa an toshe wata jijiya, ni kuwa babu wanda ya gaya min haka. Wasu sun ce sanyi ne, wanzami ya ce a yi ƙaho, mai kemis yana yi min allura a wurin. Akwai kuma abin da ya canja tsakanina da iyalina, wanda nake jin nauyin faɗa. Kuskure aka yi min? Zan warke? Yanzu dai na daina fita, a gida nake salla.

Wani dattijo, Tudun Wada, Zariya

Wa alaikumus salam, Baba. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne, Ya saka wa yaran nan da alheri.

A duk wasiƙar nan, jimlar ƙarshe ce ta fi damuna: kun daina fita. Zan dawo kanta, don a can ne maganin yake. Amma ba zan ce wa dattijo ya tashi ya yi tafiya a kan ciwo ba tare da na fara bayyana masa abin da ke faruwa a jikinsa ba. Wannan bayanin haƙƙinku ne tun kafin a kwantar da ku a gadon aiki.

Babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya tana gangarowa ta cikin ciki, daidai wajen cibiya sai ta rabu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Kowace daga cikinsu ta sake rabuwa biyu. Reshe guda ya wuce ƙafa. Ɗayan ya nutsa cikin ƙugu, shi ke ciyar da naman mazaunai, da mafitsara, da ƙarshen hanji, da gaban namiji. Likitoci na kiran wannan reshen iliyak ta ciki, kuma ina kyautata zaton shi ne ɗanku ya gani a takarda.

Idan bangon babbar jijiyar ya yi rauni, sai ta riƙa buɗewa a hankali kamar tsohon tiyo. Da faɗinta ya kai santimita 3 ana kiransa kumburi, in ya kai wajen 5.5 a jikin namiji akan ba da shawarar aiki, domin fashewarta na kashewa cikin ɗan lokaci, kuma mafi yawan waɗanda ta fashe musu ba sa rayuwa. Aikin da aka yi muku, wanda za ku ga an rubuta EVAR a takarda, shi ne a zura bututu ta matsematsi, a shimfiɗa shi a cikin jijiyar, jini ya riƙa bi ta cikinsa ya bar bangon da ya yi rauni. To, bututun nan dole ne ƙarshensa ya sauka a kan lafiyayyar jijiya ya kama gam. Idan kumburin ya gangaro har kusa da inda reshen ƙugu ya fita, babu wurin kamawa sai an zarce da bututun cikin reshen ƙafa, ya bi ta kan bakin reshen ƙugu ya rufe shi. Yawanci ma da gangan ake cusa wa reshen ƙugun toshiya ko 'yan murɗaɗɗun wayoyi, domin in an bar shi a buɗe jini zai iya komowa ta baya ya ci gaba da cika kumburin, aikin ya tashi a banza.

Saboda haka amsar tambayarku ta farko: galibi wannan toshewar shawara ce da likita ya yanke yana sane, ya zaɓi ciwon tafiya a kan fashewar jijiya. Wani lokacin kuma bututun kan rufe reshen ba da niyya ba. Cikakken rahoton aikin zai nuna wanne ne ya faru, kuma ina so ɗanku ya nemo shi, ba takardar sallama kaɗai ba, har da faifan hotunan da aka ɗauka. A duba abu 3: gefe ɗaya aka toshe ko duka biyun, da me aka toshe, kuma a bakin reshen ne ko can ciki. Wanda aka toshe wa gefe ɗaya, a daidai bakin reshen, ya fi samun sauƙi da wuri, don ƙananan rassan da ke ƙasa suna nan a haɗe da juna. Akwai wani irin bututu mai reshe da ke barin jini ya ci gaba da shiga ƙugu, amma ba kowace surar jijiya yake dacewa da ita ba, kuma ya fi tsada. Kuna da damar tambaya ko an duba yiwuwarsa.

Ɓacin ranku kuwa yana kan hanya. Wannan aikin ba sabo ba ne, tun 1990 wani likita ɗan Ajantina, Juan Parodi, ya yi shi a Buenos Aires, kuma ciwon mazaunai bayan toshe wannan reshe sananne ne ƙwarai. A cikin waɗanda aka toshe wa, kimanin mutum 1 cikin 4 zuwa 1 cikin 3 ke samun sa. Abin da ya kai wannan yawa bai kamata majiyyaci ya fara jin labarinsa a hanyar masallaci ba. Na san yadda irin tafiyar nan take: a yi bayani da Turanci cikin sauri, ɗa ya sa hannu, ya dubi mahaifinsa ya ga tsoro a idonsa, ya ce "Baba, sun ce ba komai." Kada ku riƙe yaron da laifi. Amma ina fata masu karatu da ke raka iyayensu asibiti su ji: a fassara wa dattijo komai, jikinsa ne.

Yanzu me ya sa ciwon ke zuwa da tafiya, ya tafi da tsayuwa? Naman mazauni ne ke tura mutum gaba a kowane taku. Idan kuna zaune, ɗan jinin da ke isa wurin ta ƙananan hanyoyi ya ishe shi. Da kun fara tafiya sai buƙatarsa ta ninka, jinin ya kasa, naman ya ɗaure. Kun tsaya, buƙata ta ragu, ya sake. Yunwar jini ce. Shi ya sa yake zuwa kusan a taku ɗaya kullum, ya fi saurin zuwa a hawa ko in kuna sauri, ya kuma tafi ko a tsaye kuke ba sai kun zauna ba. Ciwon da ke fitowa daga ƙashin baya, wanda shi ma ya yi yawa a shekarunku, yakan bambanta: tsayuwa ba ta raba mutum da shi, sai ya zauna ko ya sunkuya, kuma yakan zo da dindiris ko jin kamar kiyashi na bin ƙafa. Yadda kuka kwatanta naku ya fi kama da na jini.

Duk da haka, kafin ku fara abin da zan faɗa, ku je likitan tiyata ya gan ku, a asibitin koyarwa da ke Shika ko wani babban asibiti, da takardunku a hannu. Dalilina shi ne, wani lokacin ƙafar bututun kanta, wato sashensa da ya gangara wajen ƙafa, ce ke lanƙwashewa ko ta ƙuntace, ta kawo irin wannan ciwo, wannan kuwa abu ne da ake gyarawa, kuma ba a son a yi jinkiri. Hoton duban jijiya ko na CT, wato na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki dalla-dalla, zai nuna. Ku kuma sani, ana iya taɓa bugun jini a ƙafarku a ji shi lafiya lau, har awon jinin idon sawu ya fito daidai, alhali ciwon na nan, tunda reshen ƙafa a buɗe yake. Kada wani ya ce muku tunda ƙafa na bugawa to sanyi ne.

Sai tambaya ta biyu, ko za ku warke. Ba zan yi muku alkawarin abin da ke hannun Allah ba. A cikin masu wannan ciwo, kusan rabi yakan rabu da su, wasu cikin watanni, wasu sai an haura shekara. Sauran yakan ragu ko ya zauna. Wata 4 ya yi wuri a yanke hukunci.

Abin da ke kawo sauƙin kuwa shi ne, jiki na da ƙananan jijiyoyi da ke ratsowa zuwa wurin daga reshen ƙugu na dama, daga jijiyar cinya, da kuma daga na baya. Da can ba a damu da su ba, tunda babbar hanya na aiki. Ku tuna turbar gona. Da farko ɗan layi ne cikin ciyawa, wanda sai an lura ake ganinsa. In ana bin ta safe da yamma sai ta buɗe, har jaki da kaya ya wuce. In aka ƙaurace mata damina ɗaya, ciyawa ta cinye ta. Tafiya ce ke sa jini ya matsa wa waɗannan ƙananan hanyoyi, ita ce kuma ke koya wa naman yin aiki da ɗan abin da ya samu. Zama a gida na yin akasin haka: nama ya saki, numfashi ya gajarce, taku 150 ya koma 80, ga kaɗaici ya sami wurin zama.

Na fahimci abin da ya zaunar da ku. Duk mai hankali in abu na masa ciwo yakan ɗauka yana ɓata wani abu ne. A wannan ciwon ba haka ba ne. Ɗaurewar da ke zuwa da tafiya ta tafi da hutu ba ta yaga nama, ba ta kuma motsa bututun da aka sa muku.

Idan likita ya duba bututu da zuciya ya ba da izini, ga yadda ake yi. Ku sami wuri shimfiɗaɗɗe, ba hawa ba gangara, wanda babura ba su cika bi ba. Ku yi tafiya daidai ƙarfinku har ciwon ya zo. Kada ku tsaya da zuwansa, ku ɗan ƙara har ya kai matsakaici, inda kuke jin sa sosai amma bai kai ku cije baki ba. Sai ku tsaya cak har ya sake, ku ci gaba. Haka za ku yi ta yi. A makon farko ko jimillar tafiyar minti 10 ce ko 15 ta isa, a riƙa ƙarawa har ta kai minti 30 zuwa 45, ban da lokacin hutu. Aƙalla sau 3 a mako, kuma a jure wata 3 kafin a ce ya yi ko bai yi ba. Wannan tsarin shi ake ba masu ciwon tafiya saboda ƙarancin jini a ƙafa, kuma yana ƙara musu nisan tafiya ƙwarai. Bayan sallar asuba in gari ya waye, ko bayan la'asar in rana ta yi sanyi, sun fi dacewa. A watannin zafi, Maris da Afrilu, kada ku fita da tsakar rana, kuma ku riƙe ruwa. In kuka ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da kima, a dakata a koma wurin likita.

Ku malami ne, kun san amfanin rajista. Ku sami ɗan littafi. Ku ƙirga falwaya nawa kuke wucewa kafin ciwon ya fara, da nawa kafin ya tsayar da ku, ku rubuta da kwanan wata. Sauƙin wannan ciwon a hankali yake zuwa, har mai shi ba ya lura. Littafin ne zai nuna muku cewa falwaya 3 ta zama 5, shi ne kuma abin da likita zai fi so ya gani.

Ina zaton akwai wani abu da ba ku rubuta ba, wato kunyar tsayawa a titi. Mutumin da unguwa ta san shi da kuzari, yau ga shi tsaye a bakin hanya, kowa ya wuce sai ya ce "Malam, lafiya?" Baba, a Zariya muke, inda gaisuwa kaɗai ta isa ta cinye minti 3. Ku tsara hanyarku yadda tsayuwar farko za ta faɗo a shagon wani tsohon ɗalibinku, ta biyu a majalisar abokai. Ku tafi da jika ya riƙe muku littafin. Masallaci kuma ku koma, ku fita minti 10 kafin lokacin da kuka saba. Zuwa jam'i sau 5 ba zai maye gurbin waccan doguwar tafiyar ba, amma ƙari ne mai kyau, kuma na san ba nisan ne kaɗai kuka rasa ba, har da sahu da mutanen cikinsa.

Allurar kemis a daina ta daga yau. Ana soka ta ne a naman da jini bai ishe shi ba, inda rauni ke wuyar warkewa, ƙurji ke saurin samun wuri. Kuma galibi irin diklofenak ne, wanda ba ya ƙara jini ko ɗigo, yana cutar da ƙoda, ga shi ku kuna buƙatar ƙodarku lafiya saboda ruwan da ake sawa a jijiya lokacin hoton CT. In an haɗa shi da asfirin yana iya jawo zubar jini a ciki. Ƙaho da tsaga da sakiya su ma haka. Ina girmama wanzamai, amma babu mataccen jinin da za a zuƙe a nan, jinin ne ma bai isa ba, kuma mai shan maganin tsinka jini ba a tsaga masa fata haka kawai.

Magungunan da aka sallame ku da su, na tsinka jini da na rage kitsen jini da na hawan jini, kada a bari su yanke. In akwai ciwon suga a riƙe shi da kyau. Ba ku ce ko kuna shan taba ba. In kuna sha, barin ta ya fi duk abin da na lissafa, don ita ce kan gaba wajen haddasa kumburin tun farko, kuma tana tsuke ƙananan hanyoyin da muke so su buɗe. Akwai wani magani, silostazol, da kan ƙara wa wasu nisan tafiya, amma haramun ne ga mai raunin zuciya, don haka likita ne zai rubuta shi bayan ya duba.

Batun iyali, na gode da kuka ambata duk da nauyinsa. Reshen da aka toshe shi ne ke kai jini gaba, don haka raunin mazakuta na cikin abin da aka sani yana biyo bayan wannan aiki, a wajen mutum 1 cikin 10 ko fiye, ya fi yawa ga wanda aka toshe wa gefe biyu. Ba sammu ba ne, ba kuma ƙarewa ba ce. Ku gaya wa Hajiya dalilin da bakinku, domin mace in ta ga canji ba bayani takan ɗauka ita ce ta yi laifi, ko zuciyar miji ta koma wani wuri. Ku faɗa wa likita shi ma, ku kaɗai ba tare da ɗanku a ɗakin ba. Akwai taimako. Amma ina roƙonku kada ku sayi maganin ƙarfin maza a tasha ko a bayan mota. An sha samun sinadarin Viagra a ɓoye cikin irinsu, kuma haɗuwarsa da maganin ciwon ƙirji irin wanda ake sawa ƙarƙashin harshe na iya faɗar da jini har ya kai ga rai.

Akwai alamomin da ba a jiran gari ya waye a kansu. Ciwon ciki ko na baya mai tsanani da ya zo farat ɗaya, musamman da jiri ko suma. Ƙafa ta yi sanyi, ta yi fari, ta mutu ko ta kama ciwo kuna zaune. Bayan gida da jini tare da ciwon ciki. Fatar mazauni ta yi baƙi ko ta ɓule da gyambo, ko ciwon ya daina tafiya da hutu. Ƙafafu su saki, ko fitsari da bayan gida su ƙwace. Waɗannan ba su cika faruwa ba, amma duk wanda ya bayyana, a tafi sashen gaggawa a lokacin, a ce musu akwai bututu a babbar jijiya. A karanta wa mutanen gida wannan sakin layin.

Wani abin da nake tsoro ga waɗanda aka yi wa aiki a waje shi ne, da sun sauka daga jirgi sai a ɗauka an gama. Wannan bututun ana bibiyarsa har ƙarshen rayuwa, yawanci hoto sau ɗaya a shekara, don yana iya gocewa ko jini ya sami kafar zurarawa cikin kumburin ba tare da mutum ya ji komai ba. Fushin da kuke yi da waɗancan likitocin kada ya hana ku wannan. Ba sai an koma Indiya ba, a samu likita ɗaya a nan gida ya riƙe fayil ɗinku. Kuma tunda cutar na bin dangi, 'yan'uwanku maza da kuke ciki ɗaya su je a duba cikinsu da na'urar da ake duba masu juna biyu, 'ya'yanku ma su gaya wa likitocinsu in shekaru sun ja. A Ingila duk namijin da ya kai 65 ana gayyatarsa wannan awon.

Idan kun yi tafiyar da gaske wata 6 zuwa shekara, littafin bai nuna ƙari ba, ciwon kuma ya hana ku rayuwa, akwai sauran magana. Ga wasu ana iya yi wa reshen ƙugun sabuwar hanya ta tiyata, ko a faɗaɗa wata jijiyar da ke taimaka masa in ta ƙuntace. Ya danganta da inda aka sa toshiyar da ƙarfin zuciyarku, shi ya sa na nace a nemo cikakken rahoton tun yanzu.

A wannan makon dai, ɗanku ya rubuta wa asibitin can ya nemi rahoto da hotuna, a karɓi ranar ganin likita, a sallami mai allura. Littafin kuma a saya yau, ku rubuta falwaya nawa ce tsakanin ƙofar gidanku da masallaci. Bayan wata 3 ku sake rubuto min, ina so in ji lambar da ke shafin farko da wadda ke shafin ƙarshe. Ku gaishe da Hajiya da yara.